Baƙar Giyar Auta

Tun da na dawo daga Amurka ƙofata ba ta huta ba. Akwai mai zuwa yi mini barka da dawowa, akwai mai zuwa karɓar tsaraba, akwai kuma mai zama ta yi ta kewaye-kewaye tana so ta tambaye ni maganar hoton nan da ya riga ni isowa gari, wanda nake riƙe da ƙoƙo cike da baƙin abu, wani Bature mai gemu yana dariya a bayana. Bakina ya gaji. Shi ya sa na kira maƙwabciyata Malama Saratu, wadda ta koyar a firamare har ta yi ritaya, na ce ta zo da takarda. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma na san abin da idona ya gani. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Abin da ke cikin ƙoƙon giya ce. Na faɗa tun yanzu don masu sauri su tashi su tafi.

Ni Tabawa, duk wanda ya girma a ƙauyenmu ya san sana'ata. Burkutu na dafa tun ina da goyon fari har gwiwa ta hana ni tsayuwa gaban murhu. Uwata ta dafa, kakata ta dafa. Mu Maguzawa ne tun asali, daga baya muka shiga coci, tukunya kuwa ba ta sauka ba. Da ita na aurar da 'ya'yana mata, da ita na sa autana Nomau a makaranta. Shi ne ya tafi New York, shi ne kuma ya aiko a kai ni in ga jaririn da matarsa Rifkatu ta haifa.

A makaranta yara suna kiransa ɗan mai giya. Ya yi dambe a kan sunan nan har ya cire wa wani yaro haƙori. Ranar da ya gama sakandare ya dawo ya tarar da mashaya cike da tsakar gida, ya ɗauki taɓarya ya fasa mini babbar randar da na gada wurin uwata, ya ce ya gaji da jin kunya. Ban doke shi ba. Na kwashe tsingaron na zubar. Tun daga ranar ba mu sake ta da maganar ba. Ya tafi, yana aike, yana kira a waya, muna gaisawa kamar surukai. Duk wanda ya tambaye ni na gaya masa jariri zan je gani. A raina kuwa na je ne in ga ko yaron nan ya daina jin kunyata. In bai daina ba, gara in sani kafin in mutu, in daina jiransa.

Da farko sai da aka kai ni Abuja neman izinin shiga. Wata Baturiya a bayan gilashi ta tambayi aikina ta bakin tafinta. Na ce giya nake dafawa. Tafintan ya sassauta murya ya ce, "Mama, ko in ce noma?"

Na ce, "Ka ga fartanya a hannuna? Faɗa mata yadda na faɗa."

Ya faɗa. Ta dube ni ta yi murmushi, ta ba ni izinin.

Jirgin sama ba abin tsoro ba ne, abin takura ne. An ɗaure ni da kujera kamar akuyar kasuwa, aka kawo mini shinkafa a wani ɗan akwati da bai kai tafin hannuna ba. Bayan gidansu kuwa in ka danna sai ya yi ruri, na ɗauka zai haɗiye ni da zanena. Mun sauka a wata ƙasa da ban riƙe sunanta ba don sauya jirgi, wani saurayi ya turo mini keken guragu. Na ce masa da ƙafata na zo duniya. Bai ji Hausa ba, amma ya ji fuskata. Sai dai matakalar nan mai tafiya da kanta, ita kam na ƙi ta, na bi wadda ke tsaye wuri ɗaya mai hankali.

A bakin shiga Amurka kare suka sa ya shinshina kayana. Kilishin da na yo wa Auta tsaraba suka ƙwace duka, wai nama ba ya shiga. Jami'in ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci, ya ja baya, ya ɗaure da kansa ya mayar mini da sauri. Daga nan ya zaro ƙoƙona, wanda tsufa ya mai da shi baƙi, yana jujjuya shi. Ni ba na sha da kofin mutane, duk inda za ni da shi nake tafiya. Na karɓa na kai baki na nuna masa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce in wuce.

Auta na tarar ya yi tumbi, furfura ta fara taɓa gemunsa. Ya rungume ni irin ta can, na bar shi. Tare da shi akwai wani dogon dattijo mai hula, shi ya zo da mota. Alhaji Mahamadu ke nan, mutumin Maraɗi, mai sayar da huluna da jakunkuna da turare a Fordham Road. Ya ce, "Sannu da hanya, Hajiya."

Na ce, "Ban je ba, Alhaji, hanyata ma ba ta nan ta bi ba. Ka ce Inna."

Ya yi dariya har ya dafa mota. A hanya na ji ko shi wane ne. Lokacin da Auta ya iso garin ba shi da kowa, Alhaji ne ya shimfiɗa masa katifa a ɗakinsa, ya ciyar da shi, bai taɓa matsa masa kan addini ba, kuma shi ya tsaya a matsayin uba ranar aurensa. Ya ce mini, "Ke kika haihwa, ni na raina. Bon, sai mu raba shi." Auta kuwa Baba yake ce masa.

Unguwarsu Highbridge, kan tudu take, gidaje a kan gidaje. Ɗakinsu yana can sama, in ka leƙa taga sai ka ga mutane kamar kaji. Ko gama huce gajiya ban yi ba Auta ya zo ya zauna a bakin gadona yana murza hannu.

"Inna, in Baba Alhaji ko matan gidan nan suka tambaye ki sana'arki, ki ce kunu."

Na dube shi. "Kai kuma me ka ce musu kana yi?"

"Kamfanin lemo."

"A ina kake aiki?"

Rifkatu daga kicin ta ce, "Gaya mata mana, ai ba baƙuwa ba ce."

"Gidan da ake yin giya ne, Inna. Amma ni ganga kawai nake turawa, sai wanke-wanke."

Wanda ya fasa mini randa. Ban yi dariya ba, ban kuma yi faɗa ba. Na ce, "Ba zan bi ɗaki-ɗaki ina shela ba. Amma duk wanda ya dubi idona ya tambaye ni, zai ji gaskiya."

Daga nan ya zama mai gadina. Duk lokacin da Alhaji ya shigo gaisuwa, Auta zai tsoma baki da maganar sanyi ko ta farashin haya, har mutumin ya tashi. Ina kallo.

Na yi aikin da ya kai ni. Rifkatu ta ce likita ya hana wankan jego da tafasasshen ruwa, muka yi ta ja har muka tsaya a tsakiya, ruwa mai zafi amma ba mai salɓe fata ba. Kunun kanwa kam ta sha. Ranar da na ce zan gasa barkono, wani farin abu a rufin ɗaki ya fasa ihu, maƙwabta suka fito, wata 'yar Gana ta shigo tana fifita shi da tawul tana ce mini da irin Hausarsu, "Mma, kin kusa kawo mana faya sabis paa." 'Ya'yanta in ka yi musu Hausa suna ji sarai, sai su amsa da Turanci, kamar ka ba mutum tuwo ya mayar maka da burodi. A garin nan kare yana sa riga, mutum yana kwana a bakin titi. A jirgin ƙasa na cikin rami wani ya shigo yana rera waƙa da iyakar muryarsa, babu wanda ya ɗaga kai. Ni na kalle shi har ya gama, don abin da ya zo nema ke nan.

Sai da tafiyata ta matso Auta ya ce mai gidan aikinsu yana son ganina. Wai sun yi wata sabuwar giya da dawa, yana so wadda ta san dawa ta ɗanɗana ta faɗi gaskiya. Na sa ƙoƙona a jaka. Muka bi jirgin ƙasa har ƙarshen gari, muka hau jirgin ruwa mai girman unguwa, muka tsallaka zuwa wani wuri da ake kira Stapleton.

Babu murhu, babu itace, babu hayaƙi. Tukwanen ƙarfe ne tsaye, kowace ta kai rumbu, suna ƙyalli. Amma tun daga ƙofa hancina ya kai ni gida, domin ƙamshin tsiro, wato dawar da aka jiƙa ta tsira, a kan wuta ɗaya ne a ko'ina. Ƙaramin gida ne, su kaɗan ne suke yi da hannunsu. A gaba akwai tebura, samari da 'yan mata suna zaune, kowa da ɗan kofi. Ba sa sha kamar masu ƙishi. Su ɗaga kofin su duba a haske, su shinshina, su kurɓa, su rufe ido kamar masu addu'a.

Mai gidan ya fito, shi ne mai gemun da kuka gani a hoto. Gemu nake ce masa, don sunansa ya ƙi zama a bakina. Ya ce mini "sannu" da aka koya masa, ya kawo kofi. Baƙa ce wuluk, haske ba ya ratsa ta, da kumfa a sama mai launin ƙasa. Na fito da ƙoƙona na juye ta ciki. Sannan na tsaya ina jira.

Ku da kuka girma a gidajen giya kun san abin da nake jira. A wurinmu ba a miƙa wa mutum ƙoƙo sai wadda ta dafa ta fara kurɓa a gaban jama'a. Mutane suna cewa don tsoron sammu ne, kuma a da akwai wannan. Amma uwata ta koya mini cewa kurɓar nan shaida ce. Kin tsaya bayan tukunyarki ke nan, in ta yi daɗi ke ce, in ta ɓaci ke ce, ba ki ɓuya ba.

Na ce wa Auta, "Tambaye shi, shi ya dafa?"

"Inna, nan ba a yin haka. Ki sha kawai."

"Na ce ka tambaye shi."

Ya yi wata 'yar gajeriyar magana da Turanci, Gemu ya miƙo hannu zai karɓi ƙoƙon. Ban saki ba. Ba na jin Turanci, amma na san tafintan da ya rage magana, na riga na ga ɗaya a Abuja. Na ajiye Auta gefe. Na nuna ƙoƙon, na nuna ƙirjin Gemu, na juya hannu kamar mai tuƙi da muciya. Ya gane. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya girgiza kai, ya ɗora hannu a kafaɗar ɗana, ya yi ta zuba magana mai tsawo. Auta yana kallon ƙasa.

"Me ya ce?"

"Ya ce ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na dafa, Inna. Ni na jiƙa dawar, ni na yi tsiron, ni na soya. Na daɗe ina gwadawa ana zubarwa."

"To me ya kawo maganar tura ganga?"

Ya ce, "In za ki ce ba ta yi ba, gara ki faɗa wa Bature."

Na miƙa masa ƙoƙon. Masu shinshinar kofi duk sun juyo. Auta ya durƙusa yadda ya ga ina yi yana yaro, ya karɓa da hannu biyu, ya kurɓa, ya mayar mini. Na ɗan tsiyaya a ƙasa saboda uwata mai randa. Na san malamin coci ya hana, na ji. Wata yarinya ta taho da abin goge ƙasa, Gemu ya tare ta.

Yanzu ga masu tambaya yaya take. Da farko sanyinta ya buga mini haƙori, sai na riƙe ƙoƙon a tafin hannu har ta huce. Da ta huce ta fara magana. Ƙamshin ƙanzon tuwo ne ya fara zuwa, sai na gyaɗar da aka manta a kasko, can ƙasa kuma mazarƙwaila. A baki tana da nauyi kamar kunun gyaɗa. Zaƙi ne ke shiga gaba, ɗaci ya biyo shi ya zauna a maƙogwaro kamar ka tauna goro, wai wani fure suke sawa don ɗacin. Ƙarfinta ɓoyayye ne. Ta wuce shiru kamar mutuniyar kirki, sai da ta isa ƙirji na ji ta hura wuta. Tamu mai tsami ce, mai rai, tana tsuwa a ƙwarya, kwana biyu ta mutu, manomi ya sha ya koma gona. Wannan kuwa manomi ya sha ƙoƙo ɗaya sai dai a je a ɗauko fartanyarsa.

Na sake kurɓa, na bar su suna jira. Sannan na ce, "Ka gaya masa, kai ma ka ji. Wuta ta yi yawa wurin suya, ɗacin ƙuna ya taka zaƙin. Sanyin nan da kuke sa mata kuma rufe mata baki yake yi. Ba burkutu ba ce, kada ka yarda kowa ya kira ta haka."

Ya fassara, wannan karon duka, na gani a fuskar Gemu. Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Amma tsiron ya yi. Ba a yi gaggawar shanya shi ba. Wanda ya yi tsiron nan ya zauna yana kallon hannuna a lokacin da nake tsammani ƙyamata yake yi." Na miƙa ƙoƙon. "Ƙara mini."

A nan ne aka ɗauki hoton.

A jirgin ruwa muna dawowa ya ce, "Inna, randar nan..."

Na ce, "Randa ta fashe, an gama. Saura Alhaji. Kurɓa a gaban Turawan da ba su san ka ba abu ne mai sauƙi. Mutumin da ya ba ka katifa yana cin tuwo a gidanka a kan ƙarya."

"Zai yanke ni, Inna. Ba ni da uba a garin nan sai shi."

"Mai yiwuwa. Amma in ka bar ni na bar garin nan a matsayin mai kunu, kada ka sake aiko a ɗauko ni."

Ranar Lahadi Alhaji ya zo cin tuwo da miyar kuka, da daddawar nan da ta tsallake jami'i. Yana cikin ci ya ɗago ya dubi idona ya ce, "Inna, an ce kunu kika yi a gida. Ki dama muna mu sha kahin ki tahi mana."

Na ajiye lomata. Na dubi Auta, na ba shi numfashi ɗaya. Da ya bar shi ya wuce, da na faɗa da bakina.

Ya ce, "Baba, ba kunu ba ne. Giya take dafawa, da ita ta raine ni. Ni ma ba lemo nake yi ba. Giya ce, kuma ni ke dafawa."

Alhaji ya cire hannu daga kwano. Ya jawo ruwa ya wanke, a hankali, yatsa bayan yatsa. Ya ce, "Giya haramun ce gare ni, ba ni sa ma wannan aiki albarka. Wannan ɗaya. Amma ka bar ni shekara da shekaru ina hwaɗa ma mutane a masallaci ɗana na kamfanin lemo. Ka maishe ni maƙaryaci ban sani ba." Ya juyo gare ni. "Ke ma, Inna?"

Na ce, "Ni ban taɓa ɓoyewa ba, Alhaji, ban kuma taɓa kai wa kowa ita gida ba. Ba albarka muka nema ba. So nake ka san wanda kake kira ɗanka."

Ya ɗauki hularsa ya fita.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Auta ya bi ta teburin Alhaji a Fordham Road ya gaishe shi, Alhaji ya amsa wa iska. Yaron ya daina cin abinci. Rifkatu ba ta ce mini komai ba, tukwanenta ne suka yi ta faɗa mini a kicin. Na ga abin da na jawo. Ban ce na yi da-na-sani ba, don ban yi ba.

Ranar tafiyata Auta ya ce zai kira tasi. Muka sauko da kaya, sai ga motar Alhaji a ƙofar gida, shi yana jingine da ita. Ya gaishe ni, ya miƙo mini kwalbar turare, bai dubi Auta ba. Ya zagaya ya buɗe bayan mota. Mutanen Nijar suna zaune a bakin shagon kusa, 'yar Gana tana leƙe ta taga. Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kai, ɗan mai giya. Ɗauko jakar tsohuwa mana, jirgi ba shi jiran kowa."

Ni hannun Auta na kalla, hannun da ya cire wa yaro haƙori. Ya buɗe, ya kama jakar.

Ya ce, "Na'am, Baba."

Ko Alhaji ya koma cin tuwo a gidansu ban sani ba. Rifkatu ta ce yana zuwa ya ɗauki jariri ya yi masa wasa, bai zauna ba tukuna. Wannan tsakaninsu ne. Masu tambayar ina ƙoƙona, na bar shi can wurin Auta, shi ne mai shi yanzu. Wadda kuma hoton ya hana barci, ta daina aiko mini da yara, ta zo da kanta. Ina ƙofar gida kullum da yamma.